Tarihin Maganin Sa Kifi Barci da Abin da Ya Ke Yi wa Jininsa

Gabatarwa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana daidai ta ke ga mutum, har ma ga doki da kare, amma ba ta ci kifi ba. Kifi ba shi da fatar ido da zai lumshe, ba ya yamutsa fuska, ba ya zufa, yawancinsa kuma ba ya kukan da kunnen mutum zai ji. Sabo da haka, tun ran da masana suka fara zuba magani cikin ruwa don kifi ya kwanta su yi aiki a jikinsa, shaida guda kaɗai su ke da ita, watau motsi. In ya daina motsi sai a ce ya yi barci, ya huta. Nufin wannan takarda shi ne ta bi tarihin wannan zato, ta nuna yadda ya daɗe, da yadda ya rushe sa'ad da aka koyi tambayar jini maimakon fuska.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi. Sunan da Turawa su ke kiran wannan hali da shi daga harshen Girka aka samo shi, ma'anarsa kuwa rashin ji. Wani likita marubuci na Bostan, Oliver Wendell Holmes, shi ya ba da shawarar a yi amfani da shi cikin shekara ta 1846. Mu a Hausa mun saba cewa maganin sa barci ko allurar barci. Amma barci hutu ne, mai barci kuwa yana numfashi daidai, in an taɓa shi ya farka. Suma ta fi kusa da abin da a ke nufi, sai dai ita ba a auna ta, ba a kuma sa mata lokaci. Kalmar ji ta Hausa ta fi duka dacewa, gama da ita mu ke jin magana, mu ji zafi, mu ji wari, mu ji daɗi. Don haka za mu riƙa cewa maganin gusar da ji inda a ke bukatar tantancewa, mu bar maganin barci inda magana ta ke bisa al'ada.

Wajibi ne kuma a raba wannan magani da dafin kamun kifi. Masunta a ƙasashe da yawa sun daɗe da sanin itatuwan da a ke dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso yana magagi, kamar magimfa a ƙasarmu. Magimfa tana hana ƙwayoyin jikin kifi amfani da iskar da ya shaƙa ne, ƙarshenta mutuwa. Sharaɗin maganin gusar da ji shi ne a tafi a komo lafiya.

Daga Bostan zuwa 'ya'yan kwaɗi

Ran 16 ga Oktoba 1846 William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci sinadarin eta a babban asibitin Bostan ta Amurka, aka yi masa aiki a wuya gaban taron likitoci bai yi ihu ba. Shekara guda bayan haka James Young Simpson na Edinbara ya fito da kulorofom. Likitoci suka ga aiki, amma ba wanda ya san dalili.

Wanda ya faɗaɗa tambayar shi ne Claude Bernard, masanin aikin jiki na Faransa. Cikin laccocinsa da aka buga a 1875 da 1878 ya nuna cewa eta ba ta zaɓen mutum: tana kwantar da kwaɗo, tana hana ganyen tsiron nan mai jin kunya naɗewa in an taɓa shi, tana dakatar da tsirar iri, in kuma aka janye ta kome ya koma yadda ya ke. Shi ne har wa yau ya kafa ra'ayin cewa ran dabba ya dogara ga daidaiton ruwan da ke cikin jikinta, watau jini da abin da ya kewaye ƙwayoyin jiki. Waɗannan ra'ayoyi biyu na mutum guda ba su gamu a kan kifi ba sai bayan shekara wajen 90.

A ƙarshen ƙarni na 19 dabbobin ruwa suka shigo labarin. Hans Meyer a Jamus cikin 1899, da Ernest Overton a Zurik ta Suwizalan cikin 1901, kowa da nasa aikin, suka riƙa saka 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya cikin ruwan da aka gauraya da magunguna iri iri, suna duba ƙarfin da zai tsai da su. Dabara ce mai kyau, domin abin da ke cikin ruwa ya kan ratsa jikin ɗan kwaɗo har ya daidaita, sabo da haka in ka san na ruwa ka san na jiki. Suka tarar cewa gwargwadon yadda magani ya ke narkewa cikin mai, gwargwadon ƙarfinsa na gusar da ji. Wannan ƙa'ida har yanzu tana ɗauke da sunansu. Abin lura a nan shi ne ma'aunin da suka yi aiki da shi: ɗan kwaɗo ya motsa, ko bai motsa ba. Wannan ma'auni shi masu kifi suka gada.

Bukatar masu kiwon kifi

Ba tausayi ne ya fara kai maganin barci wurin kifi ba, wahalar aiki ce. Babban kifin salmon yana da ƙarfi da santsi, in ya yi ta bugun jiki a hannu ɓawonsa ya kan zube, ƙwansa ya lalace, ma'aikaci ya gaji. Ga shi kuwa ana so a auna shi, a sa masa alama, a tatsi ƙwai, a ɗauke shi daga wannan kogi zuwa wancan.

Wannan bukata ta yi tsanani a arewa maso yammacin Amurka sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Grand Coulee bisa kogin Kolombiya, wadda ta toshe wa salmon hanyar hawa zuwa wuraren da ya ke yin ƙwai. Daga 1939 zuwa 1943 aka yi ta kama manyan kifaye a wata madatsa da ke ƙasa, ana loda su cikin tankunan motoci zuwa waɗansu rafuka. Wani masanin gwamnati, wanda sunansa Frederic Fish, watau Kifi a harshensu, ya bayyana cikin 1943 yadda a ke kwantar da su a cikin tankin: a zuba soda, a bi ta da ruwan asid, su haɗu su fid da iskar kabon dayoksaid cikin ruwa, kifi ya yi laushi a rarrabe shi iri iri. Hanya ce mai araha, ta kuwa biya bukata.

Waɗansu ma'aikata suka fi son yuretan, gama yana narkewa nan da nan, kifi kuma ya kan farfaɗo daga gare shi lafiya. Amma tun 1943 masu binciken ciwon daji sun ga yana haddasa ƙari a huhun ɓeraye, cikin 1956 kuwa aka buga gargaɗi ga masu kiwon kifi waɗanda su ke wuni da hannu tsundum cikinsa. Sai aka bar shi. Mai karatu ya lura, don lafiyar ma'aikaci aka bar shi, ba a ta da maganar kifin ba tukuna.

Wanda ya gaje shi yana da tsohon asali. Bayan Carl Koller ya nuna a Biyana cikin 1884 cewa koken yana kashe zafi a ido, masu haɗa magani suka shiga neman abin da zai yi aikinsa ba tare da illarsa ba. Ta haka aka sami benzoken cikin 1890. Wajen 1920 Maurice Sandoz, ɗan gidan masu kamfanin Sandoz na Basel, ya haɗa wani ɗan'uwan benzoken mai suna tiraken, wanda aka fi sani da MS-222. Bai karɓu ga likitocin mutane ba, amma yana da hali guda da ya sa ya zama sarki a wurin masu kifi: an ɗaura shi da wani asid mai ƙarfi, don haka yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, alhali benzoken sai an fara narkar da shi cikin barasa. Cikin shekarun 1950 da 1960 ya bazu ko'ina. A 1958 Bruce Muench ya ƙaro kwinaldin, mai araha amma mai wari da yaji.

Cikin 1959 William McFarland ya tsara matakan da kifi ya ke bi, yana koyi da matakan da likita Arthur Guedel ya tsara wa mutane a 1937. Da fari kifi ya natsu, ya rage kula da abin da ke gilmawa. Sa'an nan ya fara tangaɗi, ya kasa tsayuwa daidai, ya kife. Sa'an nan ya bar amsa taɓi. Daga ƙarshe marfin kumatunsa ya tsaya, in ba a cire shi ba ya mutu. Tsari ne mai amfani, har yau ana koyar da shi. Amma dukan alamunsa na waje ne.

Yadda aka koyi tambayar jini

A shekarun 1960 masana suka fara neman sanin adadin sukari, da gishiri, da jajayen ƙwayoyi cikin jinin kifi mai lafiya, don su sami abin gwada marar lafiya, ko wanda ya sha gurɓataccen ruwa. Nan suka faɗa cikin wata sarƙa. Ba a ɗibar jini sai an kama kifi, kamun kuwa yana firgita shi, firgita tana sāke jini. In an sa masa magani don kada ya firgita, ba a san rabon maganin cikin abin da aka auna ba. Lissafin wannan ɗaki ya ƙi daidaita da na wancan, alhali kifin iri ɗaya ne.

L. S. Smith da G. R. Bell suka warware sarƙar cikin 1964 a gaɓar yamma ta Amurka da Kanada. Suka sa wa salmon magani sau ɗaya, suka zura siririn bututun roba ta rufin bakinsa zuwa cikin babbar jijiyar da ke ɗauke da jini daga mashaƙarsa, suka fito da ɗaya bakin bututun waje. Mashaƙa ita ce jajayen tsokokin nan masu kama da mataji da ke ƙarƙashin marfin kumatun kifi, inda jini ya ke karɓar iska daga ruwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu, kifi ya farfaɗo ya manta, sai a zuƙi jini ta bututun daga bayan akwatinsa bai ko sani ba. Antti Soivio da abokan aikinsa a Finlan suka kyautata dabarar cikin 1975. Daga nan aka sami abin da ba a taɓa samu ba, watau jinin kifi mai kwanciyar hankali. Da shi aka iya gwada jinin kifin da aka sa barci.

Abin da jini ya faɗa

A. H. Houston da abokansa cikin 1971, da Soivio da nasa cikin 1977, suka gwada kifin tirawut, ɗan'uwan salmon. George Iwama da abokansa biyu a Kanada suka cika aikin cikin 1989, inda suka jera magunguna 5, watau MS-222, da benzoken, da fenoksi-etanol, da metomidet, da kabon dayoksaid, suka bi jinin kifi mataki mataki. Ko da ya ke magungunan sun bambanta ƙwarai wajen haɗi, labarin da jini ya bayar kusan guda ne. Ga yadda ya ke.

Ruwa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Abin da ke cikin lita guda ta ruwa bai wuce kamar kashi 1 cikin 30 na abin da ke cikin lita guda ta iska ba. Don haka tilas kifi ya yi ta tura ruwa ta bakinsa ya fita ta mashaƙa ba fashi. Ta wannan ƙofa ce maganin ya ke shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar da ya kwantar kuwa ita ce mai ba da umurnin numfashi. Da numfashi ya ragu sai oksijin na jini ya faɗi ƙasa warwas. Kifin da ke kwance lumui a hannun ma'aikaci, a cikin jininsa shaƙewa ya ke yi.

Abu na biyu ya biyo baya. Ta mashaƙa kifi ya ke zubar da kabon dayoksaid, kuma da ya ke wannan iska tana narkewa cikin ruwa da sauƙi, abin da ya saba riƙewa cikin jininsa kaɗan ne, bai kai wanda ke jinin mutum ba. In numfashi ya tsaya sai ta taru, ta zama asid. Tsokoki kuma, da suka rasa oksijin, su kan koma ƙona sukari ta wata hanya mai barin asid na laktik, irin wanda ke sa cinyar mai gudu ciwo. Jinin tirawut da ya saba zama wajen 7.8 ko 7.9 bisa ma'aunin tsami na pH sai ya gangaro, watau ya ƙara tsami.

Ga kifi wannan tsami yana da hatsari na musamman. Tun 1931 R. W. Root ya nuna cewa jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin cikin jinin kifaye da yawa, in tsami ya taɓa shi, ba ya iya cika cikinsa da oksijin ko da oksijin ɗin yana nan a yalwace. Ashe abin ya zama biyu: iska ta yi kaɗan, mai ɗaukarta kuma ya raunana.

Jiki ba ya zuba ido. Nan da nan ya kan saki adirinalin, ɗaya daga cikin sinadaran nan da a ke kira homon, waɗanda jini ke kai saƙonsu gaɓa gaɓa. Adirinalin ya matse saifa, ta juye jajayen ƙwayoyin da ta ajiye cikin jini. Sa'an nan, kamar yadda Mikko Nikinmaa na Finlan ya nuna a farkon shekarun 1980, ya buɗe wata ƙofa a fatar kowace jar ƙwaya wadda ke fitar da asid ta shigo da gishirin sodiyam. Ruwa ya bi gishiri, ƙwayar ta kumbura, cikinta ya rage tsami, ta sāke iya ɗaukar oksijin. Wannan shi ya bayyana abin da ya daɗe yana rikita masu awo, watau yawan jajayen ƙwayoyi da su ke gani cikin jinin kifin da aka sa barci. Ba ƙarin lafiya ba ne, alamar kokawa ce. Hanta kuma ta saki sukari. Mashaƙa ta buɗe hanyoyin jininta don neman iska, ta nan kuwa kifin ruwan daɗi ya kan yi hasarar gishirin jikinsa, ruwa ya shige shi. Shi ya sa masu jigilar kifi su kan barbaɗa ɗan gishiri cikin tanki.

Wannan sani ya sāke aiki. Yanzu in aikin zai daɗe, a kan sa wa kifi bututu a baki ana kwarara masa ruwa mai iska da ɗan magani, watau ana yi masa numfashin da ya kasa yi wa kansa. Mai son auna jini kuwa, ko ya bi ta bututun Smith da Bell, ko ya ɗiba cikin 'yan mintoci na farko, ya kuma rubuta sunan maganin da ƙarfinsa kusa da lissafinsa.

Tsamin ruwa da maganar kotisol

Akwai wata illa da ba ta numfashi ba ce. Mun faɗa a baya cewa asid ɗin da aka ɗaura wa MS-222 shi ya sa ya ke narkewa. In aka zuba shi cikin ruwan da ba shi da ma'adinai da yawa, ruwan ya kan yi tsami har ya sauka ƙasa da 5 bisa ma'aunin pH, abin da ke ƙona mashaƙa. Gary Wedemeyer ya gwada wannan cikin 1970. Ya tarar MS-222 tsurarsa yana ta da alamun wahala cikin jikin tirawut, amma in an kashe tsaminsa, ko aka yi aiki da benzoken wanda ba shi da asid ɗin, alamun ba su bayyana. Ashe rabin laifin na abin ɗaurin ne. Maganin abin kuwa kowace mai girki ta san irinsa: yadda a ke jefa kanwa cikin miyar yakuwa don ta kashe tsami, haka a ke haɗa MS-222 da sodar burodi, wadda 'yar'uwar kanwa ce wajen haɗi. Yau wannan ƙa'ida ce a ɗakunan bincike.

Saura homon na biyu, kotisol, wanda ke fitowa daga waɗansu ƙwayoyi a goshin ƙodar kifi. Shi ba ya gaggawa kamar adirinalin, sai bayan 'yan mintoci ya ke tashi, amma yana daɗewa, in ya daɗe kuwa ya kan rage girma, ya raunana garkuwar jiki, kifi ya kamu da cuta bayan kwanaki. Don haka aka ɗauke shi ma'aunin wahala. Richard Strange da Carl Schreck a Oregon suka gano wani abin mamaki cikin 1978: ɗan magani kaɗan da aka bar kifi a ciki sa'o'i ya fi ta da kotisol bisa ga mai ƙarfin da ya kwantar da shi sarai. Abin da a ke zato sassauci ne, shi ya fi wahalarwa, gama kifin yana sane, ga shi kuma ya kasa mallakar jikinsa.

Sai ga metomidet, wanda in an sa wa kifi kotisol ba ya tashi ko kaɗan, kamar yadda masana a Nowe suka nuna ga salmon cikin 1995. Da ganin haka mutum ya ce an sami maganin da ba ya wahalarwa. Amma likitocin mutane sun riga sun san sirrin. Cikin 1983 a Gilasgo aka lura majiyyata masu tsananin rauni da a ke ɗura wa ɗan'uwansa etomidet kwana da kwanaki suna mutuwa fiye da kima, bincike kuma ya nuna yana toshe hanyar da jiki ke bi ya ƙera kotisol. Watau maganin bai hana wahala ba, bakin mai shela ya toshe. Jini ma, ashe, yana iya yin shiru irin na fuska.

Kanumfari da doka

Kifi abinci ne, abin da aka sa masa kuwa yana iya kaiwa cikin mai ci. A Amurka doka ta yarda da MS-222 ga kifin ci, amma sai an jira kwana 21 kafin a yanka shi. Wannan jira ya yi wa 'yan kasuwa tsawo. Cikin 1985 Leif Marking da Fred Meyer suka jera halayen maganin da a ke fata: ya kwantar cikin minti 3, a farfaɗo cikin minti 5, kada ya cuci kifi ko ma'aikaci, kada ya saura a nama, ya kuma yi araha. Ba wanda ya cika su duka.

Neman ya kai ga abin da ke cikin kowace kasuwa tamu, watau kanumfari, wanda sunansa ya zo mana daga Larabci, wanda kuma iyayenmu suka daɗe suna danna wa haƙori mai ciwo. Kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na mansa wani sinadari ne mai suna yujinol. Masanan Japan sun gwada shi ga kifi tun 1972, amma sai bayan wani gwaji a Indunisiya cikin 1995 ya yi suna. A Niyu Zilan aka yi wani magani, AQUI-S, daga ɗan'uwan yujinol, wanda waɗansu ƙasashe suka yarda a yi aiki da shi dab da yanka. Man kanumfari yana da araha, yana kwantarwa da sauri, amma farfaɗowa daga gare shi ta fi ta MS-222 daɗewa, ƙarfinsa kuma ya kan bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ga kifi ba, domin wani ƙaramin sinadari da ke cikinsa ya jawo ciwon daji ga ɓeraye. Fitowarsa daga itace kuma ba ta hana shi rage numfashi kamar sauran ba.

Tambayar kifin kansa

Mataki na ƙarshe ya zo ta hanyar wani ɗan mitsitsin kifin Indiya mai zane irin na jakin dawa, wanda George Streisinger na Oregon ya mai da shi dabbar bincike, aikinsa ya fito cikin 1981. Yau miliyoyinsa ke cikin ɗakunan bincike, yawancinsu kuwa da MS-222 a ke kwantar da su. Dokar Birtaniya ta 1986 ta sa kifi cikin dabbobin da a ke tsare wa haƙƙi wajen gwaji. Cikin 2003 Lynne Sneddon da abokanta biyu a Sikotlan suka nuna cewa fuskar tirawut tana da jijiyoyin da ke amsa ƙuna da matsa da asid. Waɗansu masana, kamar James Rose, sun yi musu cewa amsar jijiya ba ita ce jin zafi ba, tun da ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da mutum ke ji da shi. Gardamar ba ta mutu ba, amma dokoki sun bi gefen rigakafi.

Cikin 2013 Gareth Readman da abokansa a Biristol suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka gina tanki mai layin ruwa biyu da ke gudana gefe da gefe ba su gauraya, ɗaya tsabtatacce, ɗaya da rabin ƙarfin magani, suka saki kifin ya zaɓa. Cikin magunguna 9 ya guje wa 7, har da MS-222 da benzoken. Etomidet yana cikin biyun da bai guda ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Kammalawa

Tarihin nan hawa uku ne. An fara da duban motsi, aka koma duban jini, aka ƙare da ba kifi zaɓi, kowane hawa kuwa ya tona abin da na bayansa ya ɓoye. Ba a ce a bar maganin ba, gama kifin da aka tatsa ko aka yanka ido biyu ya fi shan wuya nesa. Abin da aka koya shi ne magani yana da nasa kuɗin da jiki ke biya, kuma a iya rage shi da sodar kashe tsami, da ruwa mai iska, da gajarta lokaci.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin lissafin da muka ambata daga tirawut da salmon aka samo shi, kifayen ruwan sanyi. Kifin da aka fi kiwo a Nijeriya tarwaɗa ce, wadda a ke yi wa allura a tatsi ƙwanta da hannu. Ita tana zaune cikin ruwan ɗumi, inda magani ya fi saurin shiga, oksijin kuma ya fi ƙaranci. Tana kuma da wata gaɓa bisa mashaƙarta da ta ke shaƙar iskar sarari da ita, don haka tana iya ɗago kai ta rage abin da ke shigarta ta ruwa. Awon da aka yanka wa tirawut ba ya zama nata sai an gwada shi a jikinta.

Ga malamin da zai koyar da wannan fanni da Hausa kuma, darasin yana cikin kalma. Muddin ya ce wa ɗalibansa kifi ya yi barci, za su ɗauka hutawa ya ke yi, su bar shi cikin bokiti su tafi neman almakashi. In ya ce musu an gusar masa da ji, numfashinsa kuma yana hannunsu, za su sa ido ga marfin kumatunsa da agogo.